Gayyatar Malam Ashafa

Tun da safe Safiyyatu ta ja kunnen mijinta. "Malam, in an kira, ka yi godiya ka tsaya nan. Na san bakinka in daɗi ya kama ka." Bai ji ba.

Ranar ce ta ƙarshe ga ɗansu Zaharaddeen a Indonesiya, inda jami'arsu ta tura shi musayar ɗalibai don koyon noman shinkafa. Malam Ashafa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau dakalin ƙofar gida, wurin da waya ta fi kama sabis a unguwarsu ta Batsari. Maƙwabta suka kewaye shi.

Sai ga fuskar yaron a waya, ya yi ƙiba, yana dariya.

"Baba, ga Malam Tayyib da ya riƙe ni. Ga ɗansa Nurain, ɗakinmu ɗaya. Gobe zan taso."

Dattijon ya yi sallama, ya dafa ƙirji. Malam Ashafa ya ji idonsa ya cika. Ya gaida shi da gida, da gona, da ɗawainiya, Zaharaddeen yana fassarawa. Daga nan ya faɗi abin da ake faɗa wa duk wanda ya yi wa mutum alheri.

"Gaya masa gidana gidansa ne. Ya turo mini nasa yaron, ni ma in riƙe."

Zaharaddeen ya fassara. Can aka ɓarke da tafi, Nurain ya yi tsalle ya rungume mahaifinsa.

"Baba, ya ce ya amince. Bayan girbi zai turo shi."

"Wa?"

"Nurain mana. Ai kai ka ce."

Badaru mai shayi ya tuntsire da dariya. "To Malam, sai a fara koyon dafa kifi da kwakwa."

Malam Ashafa ya goge goshi. Ya tuna hanyar Katsina da ba a binta in rana ta yi sanyi, ya tuna gonarsa ta wajen Ruma da ya daina zuwa. Amma magana ta fita gaban jama'a, kuma a ƙasan ransa yana son ya ga yaron a tsakar gidansa yana shan fura.

"Zaharaddeen, ban janye ba. Amma gaya masa gaskiya: yankinmu akwai 'yan bindiga. Kada ka rage komai."

Zaharaddeen ya daɗe yana bayani. Malam Tayyib ya ce zai shawarci uwar Nurain.

Kafin azahar Malam Ashafa ya kwashe buhunan gero daga ɗakin zaure, ya aika a kira mai shafe. Safiyyatu tana mita tana auna taga don labule. Ko Nurain zai zo, har yanzu babu wanda ya sani.