Bahon da Aka Sauke Bayan Sito

Suna tsakiyar sara aka shigo da kayan a kan doguwar mota, sai da aka cire ƙyauren gonar guda kafin ta wuce. Matan rumfar ciyawa suka ajiye adduna suka fito kallo. Aikinsu ke nan shekara da shekaru a wannan gonar shanun madara: a zube musu busasshiyar ciyawa, su ɗora a gungume su daddatse ta yadda saniya za ta ci ba ta zubar ba. Babbarsu ita ce wadda kowa ke kira Yaya, har manaja, kuma duk macen da ke rumfar ita ta kawo ta.

Abu biyu aka sauke a bayan sito. Na farko tarakta ce amma ba taya ko ɗaya, sai sarƙa mai faɗi kamar ta motar yaƙi. Na biyun kuwa ba wanda ya san kansa: wani ƙaton baho na ƙarfe a kan tayoyi, ya fi ɗakin mai gadi girma, da wani dogon harshe mai bel naɗe a gefensa. Wata ta ce na kwaɓa siminti ne. Wata ta ce a'a, wanka za a fara yi wa shanu da ruwan ɗumi, tunda dama sun fi ma'aikata gata. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don duk wanda ke cin abinci da hannunsa gabansa na faɗuwa in ya ga sabon inji.

Wadda ba ta yi dariyar ba ita ce Mai Tagwaye. Mijinta ya rasu, yara na hannunta, kuma a makon nan aka yi mata tayin aiki a gidan kajin da ke tsallaken titi, ana jiran amsarta. Ta ja Yaya gefe ta ce ita ba ta son barin rumfa, amma in abin nan na ciyawa ne gara ta sani tun guri bai cike ba. Ai ƙanin Yaya ne makaniken gonar, ta je ta tambaye shi.

Yaya ta same shi a gareji ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Autansu ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kai shi koyon aiki, ita ta roƙi manaja ya ɗauke shi. Ta taɓa ƙafarsa da takalmi ya fito yana goge hannu. Kan taraktar bakinsa ya buɗe: sarƙar don gonar gangare ce inda taya ke nutsewa a laka, tana baza nauyi ne, ko ƙwai ta taka da ƙyar ta fasa. Yaya ta ce ya bar mata ƙarya, suka yi dariya. Da ta zo kan bahon sai ya sunkuya yana neman sifana.

"Na haɗa taki ne, Yaya. Kashin shanu ake zubawa ya juya shi."

"Ba ruwansa da ciyawa?"

"Ba ruwansa."

Har ta juya ya kira ta. Ya ce dama yana son tambayarta, wane tsawo ne shanu suka fi so a sara musu ciyawa? Kai, ranar Yaya ta ji daɗi. Ashe yaron nan ya san aikinta aiki ne. Ta tsaya ta yi masa bayani tiryan-tiryan: in ya yi tsawo su tsince su bar kara, in ya yi gari ya hana su tuƙa, madara ta ragu. Da yamma ta zaɓo mafi kyawun saranta, ta cika leda, ta ƙulle bakin da ƙyallen tsohon zaninta ta aika masa.

A rumfa kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta dafa ƙirji ta rantse musu cewa bahon na taki ne, daga bakin ƙaninta ta ji, kuma yaron da ta goya ba zai dubi idonta ya yi mata ƙarya ba. Mai Tagwaye ta sauke ajiyar zuciya, washegari ta tsallaka titi ta ba masu kaji haƙuri. Kafin mako ya zagayo sun ɗauki wata.

Aka ci gaba da sara. Auta na ta kai da kawo bayan sito, kullum jikinsa giris, in ya hango yayarsa sai ya tuna da wani aiki a wani gefen. Ita kuwa, baiwar Allah, cewa take yi aiki ne ya yi masa yawa, har ƙara masa abinci take yi a kwano.

Ran nan manaja ya ce a samu mai wanke cikin bahon, tunda na hannu aka sayo. Sauran suka toshe hanci tun daga nesa, Yaya ta ce su matsa, ita ba yau ta fara ganin kashin saniya ba. Ta ɗauki tsintsiya da bokiti ta hau tsani ta sauka ciki.

Ba wari. Abin da ya fara tsaya mata ke nan. A ƙasan bahon akwai rami mai tsawo, cikinsa wasu ƙarafa jere suna lilo kamar ƙananan guduma, bakinsu ya cinye ya yi sheƙi. Ƙarƙashinsu wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai huji-huji, rariya sak, sai dai ta ƙarfe. Ta durƙusa ta sa yatsa a lungu ta ƙwaƙulo abin da ya daskare a wurin, ta murza a tafin hannu, ta kai hanci. Ba irin ciyawarsu ba ce, ta wani wuri ce can, ta tsufa ta yi fari. Amma macen da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan gungume ba a koya mata ƙanshin ciyawa.

Da ta sauko, sai ta zagaya ta bayan injin. Nan ta ga sababbin rariyoyi jingine da taya, kowacce da girman hujinta. Ɗaya an ware ta gefe, an ɗaure mata leda da waya don shaida. Ba sai ta kwance ledar ba, ƙyallen zaninta na nan a bakinta.

Auta ya zagayo ɗauke da galan ɗin mai, ya gan ta, ya tsaya. Ta buɗe masa tafin hannunta kawai. Ya fara kame-kame: manaja ne ya ce kar a faɗa sai injin ya tashi, don in matan suka watse tun yanzu wa zai sara wa shanu kafin nan? Kuma shi aka ce zai riƙa tuƙa shi, in ya yi magana a ba wani. Ya ce amma ya yi mata ƙoƙari, ya roƙa, ita ba za a sallame ta ba, za a bar ta tana share gefen injin.

"Da bakina ka tsare su," ta ce. "Ka san ni za su yarda da ni, shi ya sa."

"Yaya, ai ke na duba."

"Da ka duba ni da ka bar ni na tafi tare da su da mutuncina."

Ba ta taɓa jin ɗaci irin na ranar ba. Da manaja ne ya yi mata, ko a jikinta, shi dama ba ta goya shi ba. Ta bar bokitin a nan ta nufi rumfa, hannunta a dunƙule.

Sara ake yi ana hira. Mai Tagwaye ta hango ta ta fara tsokana, wai kar ta matso kusa sai ta yi wanka. Yaya ta isa gabanta ta buɗe hannu. Mai Tagwaye ta duba, ta ɗiba ta shinshina, addar hannunta ta sauka a hankali kan gungume. Ɗaya bayan ɗaya sauran addunan suka yi shiru. Yaya ta faɗa musu komai, ba ta rage ba, har maganar sharar da aka ce za a bar mata, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Mai Tagwaye ta miƙe, ba faɗa, ba kuka. Ta kakkaɓe zaninta ta ɗauki jakarta.

"Ashe ke an bar ki," ta ce.

Yaya ta buɗe baki za ta rantse cewa ba ta sani ba, sai ta tuna da rantsuwar da ta riga ta yi musu a wannan rumfar. Ta duba fuskokinsu, matan da ta kawo da hannunta, ba wadda ta yarda ta haɗa ido da ita. Daga bayan sito aka ji Auta ya tayar da taraktar.