Sandar da Harlan Ya Zaɓa

Shekara talatin da ɗaya Harlan Stambaugh bai taɓa kirana da sunana ba. Maisussuka yake ce mini, tun ranar da ya fara ganina ina jifa da sandar fatsa a bakin kogin Juniata, ina ɗan shekara sha tara, ya ce wa mutanen wurin wannan ba kamun kifi ya zo ba, sussuka ya zo yi. Sunan ya bi ni har wurin bikin aurena. Saboda haka da ya turo ƙofar shago wata Asabar ta watan Mayu ya ce, "Royce, an tashi lafiya?" na san da abin da ya kawo shi.

Shagon nasa ne a da. Shi ya gina shi, ya yi shekaru yana sayar da sanduna da igiyoyin fatsa, yana tura masu jagora su kai baƙi kogi a kwalekwale su kama bas mai ƙaramin baki, kifin da rabin garin nan ke cin abinci a kansa. Da zaman kanti ya ishe shi sai ya sayar mini, ya riƙe kwalekwalensa ɗaya da sunansa a saman allon masu jagora. Ya bar mini doka guda, wadda shi ya kafa ta. Kowace shekara kafin baƙi su fara zuwa, duk mai son sunansa a allo sai ya tsaya a filin bayan shago ya jefa kwaɗo da sandar fatsa cikin tsohuwar taya daga taku ashirin, sau uku cikin biyar. Kwaɗon na yaudarar kifi ne, da gashin barewa ake yin sa, ya kusa cika tafin hannu, an gutsure masa ƙugiya. Wanda ya kasa ba ya ɗaukar baƙo a shekarar. Da idona na ga Harlan ya goge sunan maza huɗu da hannun rigarsa, yana fito.

A watan Janairu hawan jini ya kayar da shi a ɗakin girki. Ya tashi, ya koma tuƙa mota, yana ta gaya wa mutane ya gwada filafilin kwalekwale ya ga bayansa na nan daram. Amma hannun dama bai dawo duka ba. Kowa ya sani, ba dai wanda ya faɗa a gabansa. Gwajin kuwa ranar ne, ƙarfe goma. Shi ya zo ƙarfe takwas.

"Sanda nake so," ya ce. "Tawa ta tsufa, ta zama kamar tabarya."

"To, Baba Harlan, ai gida ka zo."

Na sauko masa da lamba takwas guda biyu da lamba bakwai guda ɗaya, na jera a kan kanta. Su ne sandunan wannan kogi, don iya girman lamba, iya nauyi da ƙarfin sanda. Kwaɗo babba ne, iska na kama shi, sai igiya mai nauyi ce ke iya jansa, igiya mai nauyi kuma sai sanda mai ƙashi. Ya ɗaga ta farko, ya kaɗa ta sau biyu. Na ga kan sandar yana rawar da ba shi ya sa shi ba. Ya yi sauri ya ajiye.

"Su waye ke ƙera waɗannan yanzu? Masu yin ƙotar tsintsiya?"

"Haka kamfanonin suka koma."

Ta bakwai ma bai riƙe ta ya daɗe ba. Ya shiga zaga shagon yana taɓa wannan yana taɓa wancan, kamar bai san inda komai yake ba, alhali shi ya kafa kowace ƙusa. Ya ƙare a kusurwar da muke ajiye lamba biyar, siraran sandunan da ake sayar wa masu hawa ƙoramun dutse suna jefa ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Duk rayuwarsa sandar ’yan gayu yake kiransu. Ya zaro ɗaya, bai dube ni ba.

"Na ji an ce biyar ɗin zamanin nan ta kai ƙarfin bakwai ta da."

"Haka ake cewa."

"Kai me ka gani?"

"Wa zai koya maka sanda, Baba?"

Muka fita fili. Na sa mata igiya, na miƙa hannu zan ɗauko gwangwanin da kwaɗon yake ciki, sai ya riga ni. Ya zaro guntun jan ulu daga aljihunsa, wanda ya yanko tun daga gida, ya ce in ɗaura masa. Ulu muke ɗaura wa baƙin da suka zo taya sanda, don kada su cire wa kansu ido. Ba shi da nauyin komai, kowace sanda tana jefa shi. Harlan ne ya koya mana kada mu bar mai saye ya yanke shawara a kan ulu, don sai ya je kogi zai gane an cuce shi. Ya taɓa korar wani ma’aikaci a kan haka. Duk da haka na ɗaura masa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, da ulu tsohon ya yi jifa mai kyau. Sandar ba ta da nauyi, hannun bai sha wuya ba, igiyar ta miƙe a bayansa ta dawo ta kwanta a hankali, jan ulun ya sauka tsakiyar taya. Ya sake, ya shiga. Ya yi ta yi har sau tara, bakwai suka shiga. Fuskarsa ta saki, ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun bara.

"Ka gani? Sandar ce. Dama na ce wa Verna sandar ce, ba ni ba."

Verna matarsa ce, wadda ta so ya sayar da kwalekwalen tun yana asibiti.

"Ta dace da hannunka," na ce.

Ya naɗe igiyar, ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya duk da ba kowa a filin sai mu biyu.

"To ai ka ga an yi gwajin ke nan. Bakwai cikin tara. Sai ka rubuta."

"A’a, a gaban kowa ake yi. Dokarka ce."

"To, in sun zo," ya ce, "da ulun nan za a bar ni in yi ko? Bana kawai."

"Kada ka damu, Baba. Shiga ka sha kofi."

Ya dafa kafaɗata. Shi ma wannan bai taɓa yi ba.

Ƙarfe goma masu jagora shida suka hallara, kowa da sandarsa, iska kuma ta ɗan taso daga wajen kogi. Lonnie Hockenberry, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ya hango abin da ke hannun Harlan.

"Baba, wannan ta jikarka ce ka riƙe mata?"

"Za ka ga aikinta, ɗan nema."

Su shida suka yi nasu, duka suka wuce. Da aka zo kan Harlan ya taka zuwa layi da jan ulunsa yana lilo. Na bi shi da almakashi da gwangwani. Na kama bakin igiyar, na datse ulun, na ɗaura kwaɗo, na ja ƙullin da haƙorina yadda kowa zai gani. Ya dube ni. Na dube shi. Da zai iya magana a nan, ya ce ai mun yi da kai, amma sai ya faɗa wa mutum shida abin da ya roƙa. Na san ba zai iya ba, shi ya sa na yi.

"Jifa biyar, Baba," na ce. "Bismilla."

Jifan farko, sandar ta lanƙwashe kamar karan dawa ɗanye, kwaɗon ya yi tsalle ya faɗi ko rabin hanya bai kai ba. Na ce, "Ɗaya." Na biyu ya ƙara ƙarfi, igiyar ta rushe a bayansa, kwaɗon ya dawo ya doke shi a tsakiyar baya, tim. Wani ya tuntsire da dariya.

"Kwaɗo ya rama," in ji Lonnie.

"Biyu," na ce.

Na uku ya cire masa hula. Hular ta gangara cikin ciyawa, farin kansa ya fito, igiya ta naɗe masa wuya da kunne. Ya tsaya yana warware ta da hannun hagu, na daman yana kan mariƙin sandar. Lissafi ya riga ya ƙare, ko ya ci sauran biyun bai kai uku ba. Dariya ta mutu. Lonnie ya ɗauko hular ya kakkaɓe, ya miƙa masa tasa sandar, lamba takwas.

"Baba, waccan ba za ta ja kwaɗo ba, kai ma ka sani. Gwada da wannan. A sake daga farko, ko Royce?"

"A sake," na ce. Ina so a gani.

Na mayar da kwaɗon kan igiyar Lonnie. Harlan ya karɓi sandar, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ya kai ta baya. A nan yatsun suka saki. Sandar ta suɓuce ta faɗi bayansa a ciyawa, shi kuma hannunsa ya ci gaba da zuwa gaba, ba komai a ciki.

"Ya isa haka," Lonnie ya ce mini a hankali. "Haba, Royce."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na jira kunya ta zo, ba ta zo ba.

Na shiga shago na goge sunan da tsumma. Sauran suka watse zuwa motocinsu ba mai kallon wani. Can sai ga Harlan ya shigo da lamba biyar ɗin, ya ajiye ta a kan kanta, ya fara raba ta gaɓa-gaɓa. Ya kalli allon sau ɗaya.

"Abu ɗaya zan roƙe ka," ya ce. "Mutanena za su bugo waya. Dakta Pomeroy ma yau yake bugowa, shekara sha tara ke nan ni nake kai shi. Ka ce musu na ajiye don kaina. Ka ce Verna ce ta matsa. Kada su ji wannan."

"Shi ke nan, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakar ƙyallen da sandar ke zuwa a ciki, ya shiga zura gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Yana kan ta uku wayar shago ta yi ƙara. Likitan ne, daga Baltimore, da muryarsa mai cika kunne, yana tambaya ko tsohon ɓarawon nan ya ajiye masa makon farko na Yuni.

"Ayya, Dakta," na ce, "ai Harlan ya gama. Hannun ya mutu. Yanzun nan muka gwada shi a fili, sanda ma faɗuwa ta yi daga hannunsa a gaban yara. Wallahi abin tausayi. Amma ina da Lonnie, zai kula da kai."

Tsakanina da Harlan faɗin kanta ne kawai. Bai ɗago ba. Ya zura gaɓa ta ƙarshe, ya naɗe jakar, ya kama igiyoyinta biyu zai ƙulla. Ya gwada, suka zame. Ya sake gwadawa. Likitan yana ta tambayata yadda ruwa yake bana, ni kuma na jingina da kanta ina ba shi labari dalla-dalla, ina kallon yatsun.