Makullin Gicciyen Kasuwa

Ƙarfe goma na safe, ana irin yayyafin nan na Manchester mai shiga ƙashi, Halliru na tsaye a ƙofar flat ɗin maƙwabcinsa Baba Gamaliel, wanda ya rasu shekaranjiya. Wata Baturiya ta miƙo masa hannu. Ya ɗauka gaisuwa ce, ashe makulli take so.

Sunanta Alice, shugabar kwamitin wani ƙauye a bayan gari. A tsakiyar ƙauyen akwai gicciyen dutse na tsohuwar kasuwa, ya haura shekara ɗari shida, an kewaye shi da shingen ƙarfe, doka ta hana a taɓa shi. Shekara tara Baba yana share wurin a aikin council, wato ƙaramar hukuma. Da aka rage ma'aikata aka sallame shi, bai fasa ba. Duk Asabar bas biyu yake hawa daga unguwarsu ta Withington zuwa ƙauyen da tsintsiyarsa. Kirsimetin bara ya ga dutsen ya yi baƙi, sai ya shafe shi da farar ƙasa tas, yadda ake wa cocinsu a Kagoro.

Justina, 'yar marigayin, ta leƙo da jajayen idanu.

"Kawu Halliru, kai ka faɗa mata wasiyyarsa. Ni in na buɗe baki zan yi saɓo."

Halliru ya yi bayani a hankali da Turanci: motar gawa ta tsaya minti biyar gaban gicciyen, shi ke nan roƙon.

"Ba zai yiwu ba," in ji Alice. "Ya lalata kayan tarihi. Har yau masana na kankare abin da ya shafa."

"Wai kayan tarihi!" Justina ta ce da Hausa. "Kashin tattabaru ne tarihin? Da yake kwashe musu kwalaben giya, dokar tana ina? Ko sunansa ba ta iya ba, Kawu. Wai Mista Gama."

Halliru ya laluba aljihun kwat ɗin Baba da ke rataye bayan ƙofa. Har yanzu da ɗigon fari a hannun rigar. Ya ciro makullin shingen ya ba ta. Ta jefa a jaka, ta buɗe lema, ta juya.

Sai ya tuna abin da Baba yake yawan ƙorafi a kai.

"Madam, kwaɗon yana cijewa. Ki ɗan ɗaga shi kafin ki murɗa."

Ba ta waiwayo ba. Halliru ya ɗauko tsintsiyar Baba da ke jiƙewa a bakin matakala, ya kakkaɓe ta, ya jingine ta daga ciki.