Ranar da Ɗangana Ya Je Bakin Ruwa da Ƙafa

"Danne shi da kyau, Murja! Wanga abu in ya samu yatsana, shi ke nan na yi sallama da shi," in ji Gwaggo Dije, tana buɗe almakashin ɗinkinta.

Murjanatu ta ƙara naɗe akun a cikin zane, ta matse shi a cinyarta. Tana jin zuciyarsa na bugawa a tafin hannunta, fat-fat-fat. Ɗangana ke nan, akun mijinta Jabir, mai ruwan toka da jar wutsiya. Ya riga ta shiga gidan, kuma ko ita ta san ya fi ta fada.

Allah ya sani ba mugunta ta kawo ta ba. Jiya a bakin ruwa wani mara tsoron Allah ya wurga wa Ɗangana birgi, ragar nan da ake jefa wa kifi, wai jan gashin wutsiyarsa ake nema a haɗa magani. Da ƙyar ya sha. Jabir ya ba da labarin yana dariya, ita kuwa ta kwana da abin a ranta. Shi ya sa yau, yana fita da jirginsa ɗaukar mutanen tsallake, ta lallaɓo da akun gidan maƙwabciyarsu. Duk unguwar nan ta Yelwa, in zabuwa ta addabi mutum da tsallake katanga, wajen Gwaggo Dije ake kai ta.

"Kaɗan dai, Gwaggo. Yadda zai zauna gida kawai."

"Ke, yi mini shiru. Tun ba a haife ki ba nike wanga aiki."

Ta jawo fiffiken dama ta baza shi. Ƙaras! Ƙaras! Dogayen gasu suka zube a ƙasa. A na uku ne Ɗangana ya ƙwalla wata irin ƙara da Murjanatu ba ta taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Ba maganar mutane ba ce, ba kuma kwaikwayon kukan akuya da yake yi don tsokana ba. Sai ta ji ɗumi a cinyarta. Ta duba, jini ne ya ratsa zanen.

"Innalillahi! Gwaggo, jini! Jini yake yi!"

"Yo mi? Ai sai an kai kusa da nama, in ba haka ba wata guda ya tashi." Gwaggo ta ɗebo toka a murhu ta danna a wurin. "Kuma gefe guda akan yanke. In ya yunƙura sai ya juya ya faɗo. Haka nike yi ma zabbina."

"Amma zai sake fitowa ko?"

Gwaggo ta taɓe baki. "Wani yakan fito, wani ba ya fitowa. Wa ke zama jiran zabuwa ta yi sabon gashi? Salla na zuwa an yanka."

Murjanatu ta dubi gasun da ke ƙasa, kaji har sun fara tsattsagarsu. Ta ɗauki akun, ta tashi ta fita ko godiya babu.

Ta shiga gida kamar ɓarauniya. Surukarta Inna Dudu tana ɗaki tana jan carbi. Tsohuwar ta daɗe da rasa ganinta, amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ya wuce shi. Murjanatu ta shige madafa, ta kife akun da kwando, ta tura masa gyaɗa da ruwa. Ko kallonsu bai yi ba. Ya takure a gefe, fiffiken ya saki, idon nan nasa fari yana kanta.

"Murja, ina Ɗangana? Yau ban ji ya zagi akuyoyi ba," Inna ta ɗaga murya.

"Yana kan darbejiya, Inna."

Ƙaryar ta fito da sauƙi har ta ba ta tsoro.

Sai da aka yi la'asar, Inna ta laluba ta fito da tabarmarta tsakar gida, sannan abin ya faɗo wa Murjanatu a rai. Wayyo! Garin gyaran gira ta tsone ido. Kullum warhaka Ɗangana kan sauko ya zauna a kafaɗar tsohuwar. A cikin injinan jiragen da ke gurnani a bakin ruwa ya san na Jabir, kuma yakan jiyo shi tun jirgin na nesa, tun kunnen mutum bai kama ba. Da ya ji sai fir! ya tashi, ya tsallake rufin gidaje ya tafi tarye. Iskar fiffikensa a kuncin Inna ita ce labarinta. Nan take takan ce alhamdulillahi, ta ce a ɗora ruwan wanka. Ruwan nan shi ya ci mijinta, shi ya ci babban ɗanta, Jabir autanta kaɗai ya bar mata. Murjanatu ta kwana tana tunanin mai birgi, amma ko sau ɗaya ba ta tuna da kafaɗar Inna ba.

Ga shi kuwa hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa kwanon rufi.

"Bai sauko ba," in ji Inna.

"Zai sauko."

Jim kaɗan Inna ta sake cewa, "Kin ji ya tashi daga bisa?"

"A'a, Inna."

Tsohuwar ta ajiye carbin. Ta karkata kai wajen darbejiya, ta yi kasaƙe. Iska ta ƙara ƙarfi, wata tasa ta gangara a tsakar gida.

"Lokaci ya wuce. Tsuntsu ba ya magana tun safe, ashe shi ya sani. Irin wagga iska ce ranar da ruwa ya ci babansu." Ta shiga lalubar sandarta. "Auta! Wayyo Autana! Murja, kama ni, kai ni bakin ruwa!"

Murjanatu ta zube a gabanta ta riƙe mata ƙafafu. "Inna, ki tsaya. Don Allah ki tsaya. Ba ya kan darbejiya. Na kai shi wajen Gwaggo Dije ta rage masa fiffike. Ba zai iya tashi ba."

Kukan Inna ya tsaya cak. Ta juyo da fuskarta daidai inda muryar take, kamar mai gani.

"Kin yi mi?"

"Tsoro na ji, kada a kama shi…"

"Ke ɗiyar nan. Ke ɗiyar nan! Ai idona ne kika kai aka sa ma almakashi." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. "Ɗauko mini shi."

Murjanatu ta ruga madafa. Kwandon na nan a kife, amma an ɓarke gefensa, ga karare a warwatse. Babu aku. Sai ɗigon jini, ƙanana-ƙanana, sun bi bakin ƙofa, sun bi gindin katanga, sun nufi zaure.

"Inna, ba ya nan! Ya huda kwandon ya fita!"

Tsohuwar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta koma ta zauna daɓas.

"To ya ji injin. Auta ya iso, alhamdulillahi." Sai kuma ta daka mata tsawa: "Mi kike jira? Da ƙafa zai tahi! Bi shi!"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta hango shi ya kai bakin titin da ke gangarawa tashar jirage, abu ɗan mitsitsi a tsakiyar hanya, yana tafiyar nan tasu ta gwame-gwame, fiffike ɗaya na jan ƙasa. Tana kallo ya tsaya, ya tsuguna, ya yunƙura da dukan ƙarfinsa. Ya ɗaga kamar kamu ɗaya, ya juya a iska, ya faɗo tim a kan ƙirjinsa. Ya tashi, ya girgiza, ya ci gaba.

Ta kai hannu za ta ɗauke shi. Ya juyo ya kafa mata baki a babban yatsa sai da ta ga wuta. Tsuntsun da ke karɓar gyaɗa daga leɓenta! Ta sake gwadawa, ya buɗe baki yana huci. Sai ta haƙura, ta bi bayansa.

Haka suka gangara. Ta tare wani ɗan kabu-kabu da hannu biyu har ya kusa zubar da fasinjarsa, ya bi ta da zagi, ba ta ko ji ba. Ta jefi wani kare da ɓaraguzan bulo. Matan da ke bandar kifi a gefen hanya suka fara dariya, ganin matar aure ba takalmi tana rakiyar tsuntsu. Da suka gane ko wane ne, dariyar ta ɗauke.

"Kai! Ba akun Jabir ba ne? Wanda ke wuce mu ta sama?"

"Subhanallahi, dubi fiffiken. Wane azzalumi ne?"

Murjanatu ta sunkuyar da kai ta wuce.

A bakin ruwa an riga an ɗaure jirgin. Fasinjoji na ta sauke buhuna da sauri kafin ruwan sama ya sauko. Jabir kuwa yana tsaye a kan yashi, jiƙe sharkaf da feshin igiyar ruwa, ya ɗaga hannun dama sama yadda ya saba, fuskarsa na kallon rufin gidaje. Ya yi fito. Ya jira. Ya sake yin fito, yana bin sararin sama da ido.

Bai ga abin da ya ratso tsakanin ƙafafun 'yan dako ba, sai da ya ji ana jan bakin wandonsa. Ya duba ƙasa. Ɗangana ya kama wandon da baki, ya kama da ƙafa, ya hau a hankali, ya bi riga, yana barin jan tabo a jikinta, har ya kai kafaɗa. Ya huta. Sannan ya yi maganarsa ta farko tun safe, da muryar da ya kwaikwaya a bakin ƙofar ɗakinsu, muryar Murjanatu sak:

"Sannu da zuwa, maigida."

Jabir ya sauke hannunsa. Ya ɗauko akun, ya buɗe fiffiken a hankali, ya ga toka da jini da guntayen gashi. Fuskarsa ta canza.

"La'ilaha illallahu. Wa ya yi wannan?" Sai a lokacin ya lura da matarsa. "Murja, mai birgin nan ne? Faɗa mini, shi ne?"

Mutane sun taru, kowa na jira. Da ta gyaɗa kai kawai, da an wuce wurin.

"Ni na riƙe shi," ta ce. "A cinyata."

Jabir ya daɗe yana kallonta. Ya cire hularsa ya kwantar da Ɗangana a ciki, ya rungume a ƙirji saboda yayyafin da ya fara, ya kama hanyar gida.

Ta bi bayansu, kamar yadda ta zo.