Kuros Biyu a Filin Jirgi

Ni ban yi nisa a boko ba. Abin da na gani zan rubuta.

Maigidana ya yi shekara goma sha tara yana kula da filin jirgin mai kamfanin sukari. Filin ɗan siriri ne, kwalta miƙe a bayan gidanmu. Aikinsa ya yanke ciyawa, ya cike ramuka, in ya ji ƙarar jirgi ya fito da jar tuta ya kori awaki. Shi ya sa ake ce masa Mai Tuta.

Da kamfanin ya rufe, matuƙin jirgin ya ba shi bokitin farin fenti. Ya ce ya zana kuros babba a kowane ƙarshen kwaltar, irin wanda malama ke yi mini a littafin lissafi. Duk matuƙin da ya hango shi daga sama ya san filin ya mutu, ba zai sauka ba. Kowace shekara maigida sai ya sabunta su, ba wanda ya sa shi.

Sannu a hankali mutane suka shigo. Masu wankin kafet suka fara shanya a kan kwaltar, 'yarmu ma a cikinsu take. Suka haƙa rami ya ratsa filin ta tsakiya, suka sa bututun ruwa, ba su rufe ba. Sai wani mai koyar da tuƙin mota ya zo. Ya shafe kuros ɗin duka biyu da baƙin fenti, wai suna rikita masa ɗalibai, ya ja farin layi a tsakiya kamar titi.

Maigida ya same shi ina tsaye.

"Ɗana, ka san abin da ka rubuta wa na sama? Ka ce musu bismilla."

"Baba, shekara goma sha ɗaya ko ungulu ba ta sauka a nan ba. In jirgi ya zo ni zan koya masa ribas."

Aka yi dariya. Maigida bai yi ba. Ya sayo fenti ranar Alhamis, ruwa ya kwana biyu yana zuba, kwalta ba ta bushe ba. Bokitin yana bakin ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Ranar Asabar da hantsi rana ta fito, kowa ya baza kafet. Ina tankaɗe na ji ƙarar. Ba irin wadda na sani ba ce, tana yankewa tana dawowa kamar mai tari. Maigida ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ina tutar nan?"

"Tana ƙarƙashin gado. Gwiwarka fa?"

Ya jawo ta. Ya fita yana ɗingishi yana kora, yadda yake wa awaki. Mata suka ja kafet suka watse, 'yarmu ta faɗa cikin ciyawa. Kafin jirgin ya gama kewayawa kwalta ta zama fes.

Nan ne kuskuren. Hannunsa ya yi aikin da ya saba. Matuƙin ya ga layi, ya ga an share masa hanya, ya ga mutum da tuta. Bai ga ramin ba.

Na ga lokacin da maigida ya tuna. Ya yar da tutar, ya je gaban ramin ya tsaya, ya ɗaga hannuwa sama ya gitta su. Mutum ɗaya, a madadin fentin da ya kai tsawon ɗaki uku.

Jirgin ya kauce a ƙarshe, ya shiga ciyawa. Mutum huɗun da ke ciki sun fito da ƙafarsu. Bakin fiffiken ne ya sami maigida.

Bayan kwana tara da rasuwarsa na ɗauki bokitin, na je mayar da kuros ɗin. Mai koyar da tuƙin ya zo ya riƙe mini igiya don zanen ya miƙe.

Sai dai fentin nan ba ya kama baƙin da ke ƙarƙashinsa. Kowane ruwa sai ya ci wani gefe. Jiya na je na duba, kuros ɗin ƙarshen gabas saura hannu ɗaya, ga hadari ya sake haɗuwa.