Bulawayo Ta Yi Nisa Yau

Sai da Ruvimbo ta yi wa mahaifinta ƙarya kafin ya yarda ya shiga jirgin sama. Ta ce Bulawayo za su je wajen ƙanensa Farisai, wanda ya daɗe a kabari. Tsoho Chikwanha ya manta da rasuwar, kamar yadda ya manta da tukunyar sadza, tuwon masararsu, a kan wuta ranar da maƙwabta suka ciro shi daga cikin hayaƙi. Ita aikin jinya take yi a Perth, can Ostareliya, kuma a Harare babu sauran mai riƙe shi.

Jirgin farko zuwa Johannesburg bai dame shi ba, har da tsokanar masu rabon shayi. Na biyun ne matsala, awa tara ko fiye a kan teku.

"Ke, wannan direban ɗan koyo ne?" Shekara talatin ya yi yana jan bas a hanyar Bulawayo. "Ko da tsohuwar motata da yanzu mun wuce Gweru."

"Mun kusa, Baba. Ka ci abincinka."

"Wannan abinci ne? Kaza ma sai ta yi tunani."

Ta yi dariya, ta gyara masa bargo. Ya ɗan rintsa, ya farka, ya ɗaga murfin taga. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ruvimbo."

Ta juyo. Tun zuwanta bai kira sunanta daidai ba sai yanzu.

"Babu ruwa irin wannan a ƙasarmu. Ina za ki kai ni?"

"Gidana, Baba. Wajen jikokinka."

"Mahaifiyarki fa? Wa zai share mata kabari?"

Ya kwance bel, ya miƙe, ya kama hannun wani ma'aikacin jirgi.

"Ɗana, ka ce wa direba ya tsaya. Nan zan sauka."

Sai da mutum biyu suka taya ta zaunar da shi. Ya yi ta kokawa har ya jiƙa wandonsa, na kusa suna kau da kai. A allon gabanta ɗan hoton jirgin bai kai ko rabin tekun ba. Haka ta riƙe masa hannu sauran tafiyar, yana fizgewa tana sake kamawa.

Da suka sauka, ya nuna ta ga jami'in da ke duba fasfo, ya ce cikin nutsuwa, "Ranka ya daɗe, matar nan sato ni ta yi." Aka ware su gefe, ta yi ta bayani tana kuka kafin a sake su.

Bai cika shekara a Perth ba. Yakan ci abinci idan jikokin suka ba shi, amma daga hannunta ko ruwa bai sake karɓa ba har ya rasu.