Jinin Direba

"Ka zauna a inda kake," in ji Ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi, yana nuna shi da makullin mota. "Direban da ya buge mutum ba ya kai kansa asibiti. Sai ƙura ta lafa mu tura dattawa su ba da haƙuri. Haka muka tarar ana yi."

Da Hawainiya yake magana. Shi ne direban da duk tashar ke yi wa dariya saboda rashin gudu. Kafin ya ta da bas sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, fasinjoji na ta tsaki. Abokan aikinsa kan ce ko kunkuru ya shiga motarsa sai ya nemi a sauke shi ya ƙarasa da ƙafa. To, yau da safe shi ɗin ne ya buge wani kafinta a kan keke, wanda ya fito daga bayan tirela da katako ɗaure a baya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Jama'a suka taso da duwatsu, 'yan sanda suka fizge shi, kuma sai da ƙungiya ta tsaya masa aka sake shi da azahar.

"Yana da rai?" ya tambaya.

"An ce yana numfashi. Amma ƙaninsa ya rantse sai ya ga bayanka. Ka je gida ka kwanta."

Bai je gida ba. Ya zagaya bayan rumfar masu faci ya kira matarsa a waya.

"Uwar yara, na kasa zama, na kasa tafiya. Ina rufe ido sai in ga takalminsa a kan titi."

"Me zuciyarka ta ce maka?"

"In je in gan shi. Amma tsoro nake ji."

"To, ka tafi da tsoron naka. Ubangiji bai taɓa cewa sai gabanka ya daina faɗuwa zai raka ka ba. Rufe ido mu yi addu'a."

Ta yi gajeruwa, ba irin mai tsawon nan da ke sa abinci ya huce ba. Ta roƙi Yesu ya riƙe kafintan, ya riƙe iyalinsa, ya kuma ba mijinta ƙafafun zuwa. Ya ce amin da muryar da shi kansa bai gane ba, ya tari ɗan acaɓa.

Barandar sashen gaggawa cike take da mutane da warin magani. Ya tsaya yana raba ido, bai ma san sunan wanda zai tambaya ba. Da ƙyar ya ce wa wata nas ya zo wurin mai keken da mota ta buge.

"Yauwa! Tun ɗazu muke neman mai ba da jini. Biyo ni."

Ya buɗe baki zai yi bayani, amma ta riga ta yi gaba, kuma nas ɗin da aiki ya sha wa kai ba ta da kunnen jin tarihi. Aka gwada, aka ce ya dace. Ya kwanta yana kallon silin. Shi da ko allurar zazzaɓi sai matarsa ta riƙe masa hannu, yau ga leda tana cika a gefensa.

Da ya fito, auduga manne a gwiwar hannu, nas ɗin ta nuna shi ga wata mata da ke zaune a benci, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Matar kafintan ce. Kusa da ita wani ƙato ne mai jajayen idanu, wanda ba sai an gaya masa ko wane ne ba.

"Bawan Allah, sannu," in ji matar. "Allah ya saka maka. Nawa bai yi ba, shi kuma ƙanin nasa an ɗiba an ce ya isa haka."

Ta matsa masa wuri, ta ciro kwalbar lemo daga jaka ta danƙa masa. Ƙanin ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

"Akwai mutanen kirki a duniya, yaya. Ba kamar matsoracin da ya take shi ya ɓuya ba. In na kama shi, sai dai uwarsa ta haifi wani."

Hawainiya ya waiga. Ƙofar fita tana nan kusa, a buɗe. In ya tashi yanzu, da godiya za su raka shi, kuma ba wanda zai taɓa sani. Ya so hakan ƙwarai, har ya ji kunyar yadda ya so shi. A zuci ya ce, "Ya Yesu, kama ni."

"Daga wurin aikinsa kake?" matar ta tambaya.

"A'a, baiwar Allah." Ya ɗago kai ya dube ta. "Ni ne direban. Na taka birki, bai isa ba. Na zo ne in ce ku yi haƙuri."

Ƙanin ya saki hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya miƙe tsaye. Matar ta cafke bakin rigarsa.

"Zauna."

"Shi ne fa!"

"Na ji. Jininsa za a ƙara wa yayanka. Zauna, na ce."

Ya zauna a can ƙarshen bencin yana huci. Matar ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin tiyata, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ba ta ce ta yafe ba. Hawainiya ya ji jiri na ɗibarsa, ya dafa bango, kwalbar tana hannunsa bai buɗe ba.

Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ka sha lemon nan. Kada ka faɗi min a nan, ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu."